Garkuwar Violet

Ɗazu ni da ƙanwata muna kallon fim ɗin The Incredibles na 2004, aka zo wurin da Violet, yarinyar da ke da baiwar yin garkuwa, ta yi tsalle ta tare wa ƙaninta Dash harbi, garkuwar nan mai kamar ƙwallon gilashi ta lulluɓe su ruf, harsasai na bugunta suna faɗuwa. Yarinyar da a cikin jirgi uwarta ta ce ta kare su ta kasa fa, hannunta na rawa. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi, ƙanwata kuwa ta ƙanƙame min hannu ba ta ma sani ba.

Masu naushi da jifa da wuta ba sa burge ni haka. Har yanzu ina jin wurin da ƙanwata ta riƙe.