Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sunan da aka raɗa wa ƙarin

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka fito da ni daga ɗakin tiyata, bayan an tsaga ƙashin ƙirjina gida biyu, an ciro wani ƙari da ya kai ƙwan agwagwa, sannan aka ɗaure ƙashin da waya. A zatona magana ta ƙare ke nan, ashe da sauran rina a kaba. Da likitan tiyata ya zo zagayen safe sai ya ce mini: "Malam, hoton cikin jiki na siti ya nuna mana inda ƙarin yake, amma sunansa sai ɗakin gwaje-gwaje ya faɗa."

Abin da ƙarin ya fito daga jikinsa ana kiransa taimas, wani ɗan nama ne da ke kwance a bayan ƙashin ƙirji, a gaban zuciya. A nan ake horar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini su iya bambanta jiki da abokin gaba, shi ya sa yake da girma a lokacin ƙuruciya, bayan balaga kuma ya riƙa motsewa har kitse ya maye gurbinsa. Nawa ya ƙi motsewa, ya tsiro ƙari, garkuwar jikina kuma ta juyo tana yaƙar mahaɗar jijiya da tsoka. Wannan ne dalilin da fatar idona take saukowa duk bayan la'asar, da ganin abu ɗaya ya zama biyu, abin da 'yan uwa suka shafe wata shida suna danganta shi da iska. Likitoci suna kiran cutar mayasteniya, kuma kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ita ana samun su da irin wannan ƙari.

Sakamakon ya ɗauki mako uku, domin sinadaran rini na musamman sun ƙare a asibitin, sai da ƙanena ya ɗauki naman, an daskarar da shi a cikin kaki kamar gutsuren sabulu, ya kai wani gari.

Likitar da ta duba, mace ce mai haƙuri da tambaya, ta zaunar da ni gaban madubin likita ta ce in leƙa. Na ga ƙananan ɗigo masu ruwan bula birjik kamar an watsa gero, a tsakaninsu kuma wasu manyan ƙwayoyi farare-farare a dunƙule. Na ce: "Likita, waɗannan masu yawan su ne cutar?" Ta ce a'a, su fararen ƙwayoyin jini ne da suka zo baƙunta kawai, manyan su ne asalin ƙarin. Ta ce a nan wahalar aikin take, domin idan ɗan ƙanƙanin nama aka tsakuro da allura, ƙananan suna iya rufe manyan har a ɗauka sankarar fararen ƙwayoyin jini ce, alhali ita da magani ake fara yaƙarta, wannan kuwa da wuƙa. Rinin keratin, wani sinadari da ke cikin manyan ƙwayoyin, shi ne ya raba gardama, ya fito da manyan kamar raga mai ruwan ƙasa. Rinin CD5 da CD117, waɗanda kan kama a sankarar taimas, ba su kama su ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa irin wannan ƙari tun 1999 zuwa A, AB, B1, B2 da B3, nawa kuma B2 ne. Amma likitar ta fi daɗewa a kan wani ɗan gilashi mai ɗauke da yankan naman, inda aka shafa wa gefen naman baƙar tawada. Ta nuna mini wurin da ƙwayoyin suka huda tantanin da ya lulluɓe ƙarin, suka ɗan leƙa cikin kitse, abin da ido bai gani ba a ɗakin tiyata. A ma'aunin nisan yaɗuwar ƙari na Masaoka, likitan Japan da ya tsara shi a 1981, wannan mataki na 2 ne. Ta rubuta, ta sa hannu, ta miƙo mini takardar ta ce in kai wa likitocin da ke gasa ƙari da hasken na'ura su yanke shawara ranar Laraba.

Yadda zaman Larabar ya kasance, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.