Daga Kura zuwa Alƙahira: Yadda Aka Tsayar da Jinin Hanjin Yayana

Sai da aka ƙara wa Yaya jini sannan likita ya yarda ya hau jirgi. Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, shi a kujerar taga, tafin hannunsa fari fat, ni kuma rungume da jakar takardun asibiti. Manomin shinkafa ne a Kura, tun yana yaro ƙafarsa ke cikin ruwan noman rani da ke gangarowa daga madatsar Tiga. Ciwon nasa ya soma ne da kashi baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri, ga kasala. A Kano an zura masa na'urar leƙa ciki ta baki, aka ga jijiyoyin maƙoshi sun ɗan kumbura amma ba su ne ke zubar da jini ba. Jini kuwa bai fasa raguwa ba. Da muka rasa inda za a tsayar da jinin a kusa, aka jinginar da gona guda don mu tafi Alƙahira.

A Alƙahira wani ɗalibin Azhar ɗan Zariya ya tarbe mu, ya sama mana ɗaki a Madinatu Nasr, unguwar da baƙi 'yan Afirka suka yi yawa. Shi ya zama bakinmu da kunnenmu. Washegari da safe muka karya da ful, wato dafaffen waken Masar, da gurasa, Yaya ya ɗan taɓa kaɗan, muka shiga tasi. Hanya ta bi da mu gefen kogin Nilu, yaron ya nuna mana asibitin Ƙasrul Aini, ya ce, “Baba, a nan wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar tsargiya a 1851.” Yaya ya daɗe yana waiwayen ginin. A lokacin ba mu san tsutsar nan ce ta kawo mu ba.

Likitan asibitin da muka je ya ɗora hoton cikin Yaya a kwamfuta, ya ɗauki takarda yana zane. Ya ce duk jinin da ya kwaso abinci daga hanji, babbar jijiya ɗaya yake bi ya shiga hanta. Mu a gida fitsarin jini muka sani da tsargiya, amma akwai wani nau'inta da ƙwayayensa ke maƙalewa a hanta, shekara da shekaru suna sa tabo a kewayen ƙananan jijiyoyi har hanya ta ƙuntata. Jini ya rasa mashiga, sai ya nemi ɓarauniyar hanya ta siraran jijiyoyin da ba a halicce su don wannan nauyi ba, su kumbura, wata rana ɗaya ta fashe. Yawanci a maƙoshi ko tumbi hakan ke faruwa. Na wasu wurare, irin su hanji, bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na irin wannan zubar jini ba. Na Yaya yana can ƙasa a farkon ƙaramin hanji, bayan lanƙwasar da na'urar leƙen ba ta cika kaiwa ba. Da ya sa biro a kan wurin, na ga jijiyar a murɗe, ta yi kauri.

Yaya ya yi tambayar da ke cinsa tun daga Kano: “Likita, za a farke cikin?” Likitan ya girgiza kai. Ya ce buɗe cikin mai irin wannan ciwo haɗari ne, domin ko'ina wuƙa ta taɓa akwai jijiya cike da jini. Za su shiga ne ta jijiyar matsematsi da siririn bututu, su bi shi da hoto har ya kai mafitar jijiyar da ta kumbura, su hura ɗan balan-balan ya toshe ta, sannan su ɗura maganin da ke daskarar da jinin ciki ya kashe jijiyar. Likitocin Japan ne suka bunƙasa dabarar a shekarun 1990. In ba ta yiwu ba, akwai wata: a shiga ta jijiyar wuya a sa bututun ƙarfe mai raga a tsakiyar hanta don jini ya samu hanya, sai dai wannan kan jawo wa wasu ruɗewar hankali, saboda jini na wucewa ba tare da hanta ta tace shi ba. Na ji daɗin yadda bai ɓoye mana aibin kowacce ba.

Ranar aikin ina zaune a baranda da carbi. Da aka fito da shi idonsa biyu, an hana shi lanƙwasa ƙafar dama na sa'o'i. Na ɗaga mayafin na duba: 'yar filasta ce kawai a matsematsi, ko ɗinki babu. Ya kama hannuna ya ce, “Auta, kira Hajiya ka gaya mata an gama.” Muryata ta ƙi fita sai da na sake kira.

Kwanakin da suka biyo baya, kashi muke dubawa kowace safiya, ni da shi, babu kunya. Baƙin ya yi ta ja baya har ya koma kala irin ta mutane, awon jini ya tsaya cak, sannan ya fara hawa. Da ya samu ƙarfi muka je masallacin Azhar sallar Juma'a, ya taka da ƙafarsa daga bakin titi har sahu.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne maganin tsargiyar kansa, praziquantel, 'yan ƙwayoyi ne masu araha, waɗanda ake rabawa yara kyauta a makarantu. Da Yaya ya samu su yana saurayi, da gonarsa na hannunsa.

Kafin sallama likitan ya ja mana kunne. An toshe hanya ɗaya, amma matsin jinin yana nan, yana ma iya komawa kan jijiyoyin maƙoshi. Don haka ya rubuta praziquantel, da carvedilol na kullum don rage matsin, ya hana shi magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da manomanmu ke sha ba lissafi, ya kuma ce a riƙa leƙa maƙoshin a Kano lokaci-lokaci, in jijiyoyin sun girma a ɗaure su da roba. Muna isa Kura, kafin masu barka su watse, na tara 'ya'yan Yaya da ke shiga gonar tare da shi, na ce su shirya, Litinin za mu asibiti a auna musu kashi da fitsari.