Yadda muke fitar da dusar ƙanƙara a kan takarda

Sana'ata buga hotuna ce da sanya su a firam. Shagon ƙarami ne: injin bugawa, teburin yankan takarda, da ma'aikata kaɗan. Yawancin masu kawo mana aiki ba ƙwararru ba ne, mutane ne masu ayyukansu, sha'awa ce kawai ke sa su rataya kyamara ranar hutu su nausa daji. Da hunturu ya kama, kusan hoto iri ɗaya ke ta zuwa mana: turba ta ratsa tsakanin bishiyoyin da suka kakkaɓe ganye, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa. Ina matuƙar son wannan hoton, ga shi kuma ya fi kowanne wuyar fitowa a takarda.

Wahalar daga kyamara take farawa. Na'urar auna haske da ke cikinta an tsara ta ne ta ɗauka duk abin da ke gabanta matsakaici ne, wato ruwan toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Idan ta ga fari fat ya cika fili, sai ta zaci haske ya yi yawa, ta rage. Mai hoto ya ga dusa tana ƙyalli, ya dawo gida da toka. Maganin shi ne ya ƙara hasken da hannunsa, mataki 1 zuwa 2 (kowane mataki yana ninka hasken sau biyu), kafin ya danna. Amma in ya zarce, ya shiga matsalar da ta fi ta farko. Wurin da fari ya ƙone babu abin da ya saura a cikinsa, injina kuma ba shi da farar tawada; farin da ke hoto farin takarda ne. Inda babu bayani, ba ɗigo ɗaya da zai sauka, sai ka ga fili fayau a tsakiyar hoto kamar an manta ba a buga wurin ba. Hoton da ya ɗan yi duhu ina iya ceto shi, musamman in an ɗauke shi a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wanda ya ƙone kuwa sai haƙuri.

Inda muka fi jan magana da abokan ciniki shi ne inuwa. Dusar da ke ƙarƙashin bishiya hasken sararin sama ne ke faɗa mata, ba na rana ba, shi ya sa take fitowa shuɗiya. Da yawa sukan ce in goge shuɗin duka. Nakan roƙe su mu bar kaɗan, domin shi ne ke sa mai kallo ya ji sanyin wurin a jikinsa. Ranar hunturu ba ta hawa sama sosai, haskenta a kwance yake zuwa, yana jan inuwar bishiyoyi dogwaye a kan turba. Ɗumin wannan hasken a gefe guda, shuɗin inuwa a ɗaya gefen, su ne ran hoton. In aka wanke ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Haka nake ƙin ƙara wa launi ƙarfi fiye da kima. Dajin hunturu launinsa kaɗan ne, kyansa a tsarin rassa da ɓawon itace yake.

Kafin babban bugu, muna fitar da ɗan siririn gwaji daga wurin da fari da duhu suka haɗu, mu kai shi bakin taga mu duba tare da mai hoton. Allon waya da na kwamfuta haske suke fitarwa, takarda kuwa aron haske take yi, don haka bugu yakan fi abin da aka gani a allo duhu. Ga irin wannan hoto na fi zaɓar takardar auduga marar sheƙi. Girman A3 a ɗigo 300 kowane inci yana neman kusan megafiksel 17, wato ƙananan ɗigon hoto miliyan 17, kuma wayoyi da kyamarori da yawa sun kai haka, in dai hannu bai girgiza ba.

Masu shirin fita sukan tambaye ni shawara, nakan faɗa musu abin da zai sauƙaƙa mana aiki mu duka. Sanyi yana saurin kashe batir, a ajiye na biyu a aljihun ciki kusa da jiki. Kafin a shiga ɗaki mai ɗumi a saka kyamara cikin leda a ɗaure, a bar ta ta ɗumama a hankali, kada raɓa ta taru a cikin gilashinta. Kuma a tsaya a bakin turba a ɗauki hoton kafin a taka ta. Sawun ƙafa ana iya goge shi a kwamfuta, amma a babban bugu wurin da aka goge yakan nuna, don lallausan saman dusa ba ya kwaikwayuwa.