Ruwan da na ƙi sha

Shekara biyu na yi a jami'a ina karatun aikin bishara tsakanin al'ummai, ina ganin darasin na masu haye teku ne. Mun haddace 'yan mishan Gowans da Kent da Bingham, waɗanda suka sauka Legas a 1893, biyu suka rasu a 1894. Mun karanta zuwan Karl Kumm Wase a 1904, da zaman Likita Miller a Zariya, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Duk na rubuta su a jarrabawa na ci.

Sai aka tura mu aikin gwaji na mako shida a wani ƙauyen Maguzawa. Ni da na tashi da Hausa a coci da kasuwa, ban ɗauka akwai wata al'ada da zan ƙetare ba.

Ran da muka isa, uwargidan mai masaukinmu ta durƙusa ta miƙo mini ruwa a ƙwarya. Ruwan ya yi ja, har da ɗan haki yana yawo a sama. Na ce na gode, ina da nawa, na ciro gorar roba daga jaka. Ba ta ce uffan ba, ta koma ciki da ƙwaryarta. Da yamma na buɗe Littafi a ƙofar gida, ko gaisuwar kirki ban gama ba na kama wa'azi. Maigidan ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, ka zo gidanmu ko ruwanmu ba ka sha ba. Mu kuma yaya za mu sha naka?"

Daren nan ban runtsa ba. Wanda ya yi ta faɗo mini a rai shi ne Dorugu, da malaminmu ya ambata sau ɗaya ya wuce: yaron ƙasar Damagaram da aka taɓa bautarwa, wanda Barth, Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, ya tafi da shi Ingila. A gabansa Schön, babban ɗan mishan, ya zauna yana rubuta Hausa daga bakinsa, har ya fitar da ƙamus a 1876. Ni a ganina da labarin wannan zama ya kamata a buɗe mana karatun tun ranar farko.

Da safe na je na durƙusa na ce, "Inna, a taimaka mini da ruwa." Ta yi murmushi ta kawo. Daga nan na ajiye wa'azi. Na bi su gona muka yi yankan gero, hannuna ya yi kanta, na koyi gaisuwarsu mai tsawo wadda sai an tambayi gajiya da iyali da dabbobi kafin a shiga magana.

A mako na biyar Baba da kansa ya kira ni gindin rumbu. Ya ce maganar Almasihu ta kwanta masa, amma matansa uku ne, kowacce da 'ya'yanta. "In na bi, wacce zan kora?"

Na san taron Lambeth na bishop-bishop ɗin cocin Angalika ya hana wa mai mata da yawa baftisma a 1888, ya kuma sassauta a 1988 bisa sharaɗin kada ya ƙara aure. Amma ga Inna can tana surfe, ita da ta ba ni ruwa sau biyu. Na ce, "Baba, ba ni lokaci." A kan tambayarsa nake rubuta kundin kammala karatuna, kuma bayan girbi zan koma wurinsa.