Tafkin da na je na tarar babu a Meziko

Kwas ɗin masara ne ya kai ni Meziko, sati uku aka ba mu a cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke El Batan, gefen wani gari Texcoco, su Teskoko suke cewa. Daga Abuja muka bi ta Istanbul, daga can kuma sama da awa 13 muna sama ba sauka. Ga ƙasar tudu ce, fiye da mita 2,200, kwana biyun farko ko bene na hau sai na tsaya na mai da numfashi.

Cikin masu kula da filayen gwaji akwai wani dattijo da jininmu ya haɗu, turancinsa kaɗan-kaɗan ne amma muna gane juna, kakarsa ma ya ce yaren Nahuatl take yi har ta rasu, wato yaren mutanen da muke kira Aztek. Wata rana bayan an tashi aiki ya kai ni wata unguwa a cikin Teskoko ya nuna min wani ginshiƙi, ya ce daga nan Sifaniyawa suka tura jiragen ruwan yaƙi guda 13 a 1521. Na duba gabas na duba yamma, gidaje ne da kwalta da masu sayar da kayan miya. Na ce malam ruwa a ina? Ya ce ranar Asabar ka shirya mu shiga birnin Meziko, a hanya zan nuna maka.

Asabar da safe muka hau bas. Titin miƙaƙƙe ne, hagu da dama fili fetal, ƙasar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, ciyawa jefi-jefi, can nesa 'yan kududdufai da tsuntsaye. Ya ce to wannan da muke gudu a kai shi ne gindin tafkin. Farin nan kuwa kanwa ce, wallahi kanwa irin tamu, suna ce mata tequesquite, da ita suke dafa wake da masara ya yi laushi. A tsakiyar ruwan nan da ya ƙafe ne Tenochtitlan, babban birnin Aztek, yake a kan tsibiri, da hanyoyi da aka cike a kan ruwa zuwa gaɓa, da gonaki da suka ɗaga da laka a cikin tafkin suna noma shekara duka, kaya kuma a kwalekwale yake shiga kasuwa.

Labarin cin birnin yadda dattijon ya ba ni a mota, kuma daga baya na gan shi a rubuce a gidan tarihi, Hernan Kortes ɗan Sifen ya taso daga Kyuba a farkon 1519 da jirage 11 da sojoji wajen 500 da dawaki 16. Gwamnan Kyuba, Diego Velazquez, ya riga ya janye masa izini amma ya tafi abinsa. Dabarar da ya yi da ya sauka gaɓa ita ce ta fi tsaya min a rai, sai ya kafa gari ya sa masa suna Veracruz, ya naɗa majalisar gari daga cikin yaransa, majalisar ta juyo ta naɗa shi shugaba mai amsa umarni daga sarkin Sifen kai tsaye, shi ke nan gwamna ya fita daga maganar. Wato tun kafin a ci ƙasa an fara da takarda da hatimi. Daga nan ya nutsar da jiragen don kar wani ya yi tunanin komawa. Ga wata baiwa da aka ba su kyauta cikin mata 20, Malintzin, tana jin Nahuatl tana jin yaren Maya, ita ta zama bakinsa da kunnensa.

Mun sauka tasha muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, peso 5 kacal. A tashar Pino Suarez inda ake canza layi, mutane na ta rububi, sai ga wani ɗan ƙaramin gini na dutse zagayayye a tsakiyar tashar an kewaye shi, wurin bautar Aztek ne da aka ci karo da shi lokacin haƙa hanyar jirgin. Ba wanda ya ko kalle shi sai ni.

Da muka fito babban dandalin da suke kira Zocalo sai na rasa inda zan fara kallo. Gefe guda fadar gwamnati, a kan fadar Moctezuma sarkin Aztek aka ɗora ta. Gefe guda ƙatuwar coci da aka fara a 1573 ba a gama ba sai 1813. Dab da cocin, ka ɗan zagaya kawai, sai rami faffaɗa da ragowar babban ɗakin bautar Aztek, Templo Mayor. Ɗaruruwan shekaru gidaje na kansa, sai a watan Fabrairun 1978 ma'aikatan wutar lantarki suna haƙa suka bugi wani faifan dutse mai sassaƙa da ya fi mita 3, daga nan aka rushe gidajen wajen aka tono. Ka bi ta kan gadar ƙarfe kana ganin gini cikin gini, kowane sarki ya zo ya lulluɓe na wanda ya gabace shi da sabo.

Ni dai ba zan yi wa Aztek kwalliya ba. Na ga bangon da aka jera siffar ƙoƙon kan mutane, na ga wuƙaƙen dutsen da ake yanka bayin Allah da su don gumaka, jikina ya yi sanyi. Kuma haraji mai nauyi suke karɓa daga garuruwan da suka ci. Wannan ne ma ya buɗe wa Kortes ƙofa. Mutanen Tlaxcala da fari sun yaƙe shi sosai, daga baya suka ga ga wanda za su karya tsohon maƙiyinsu da shi. Dattijon nan bai ɓoye ba, ya ce mu ma 'yan Teskoko wani ɗan sarkinmu ya bi bayansu, jiragen nan 13 a Tlaxcala aka sassaƙa katakonsu, dubban mutane suka ɗauko a ka suka tsallako duwatsu da su, mutanenmu suka haƙa musu magudanar da ta kai su tafki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na faɗa masa karin maganar na fassara, ya daɗe yana gyaɗa kai. Duk mai ce maka mutum ɗari biyar ne suka ci daula, ya manta dubun dubatar 'yan ƙasa da suka yi yaƙin.

Kuma fa an taɓa korar Sifaniyawan. Moctezuma ya karɓe su a matsayin baƙi ranar 8 ga Nuwamba 1519, suka tsare shi a cikin garinsa, sannan Pedro de Alvarado, na hannun daman Kortes, ya afka wa mutane suna tsakiyar bikin addininsu ba makami a hannu ya yi musu kisan gilla, gari ya tashi. Daren 30 ga Yuni 1520 Sifaniyawa suka gudu ta kan hanyar ruwa, da yawa suka nutse da zinaren da suka ɗaura a jiki. Sai agana ta shigo, cutar da mutanen ƙasar ba su taɓa sani ba, ta kashe sabon sarki Cuitlahuac da ya gaji Moctezuma bayan kwana 80 kacal a kan mulki, ta bi gida-gida. Da Kortes ya dawo ya yi wa birnin ƙawanya a 1521 abu na farko da ya yi shi ne datse hanyar ruwan sha da ke zuwa daga Chapultepec. Gari a tsakiyar tafki, ƙishirwa na kashe mutane, saboda ruwan gefen nan gishiri ne.

Mun shiga cocin. Tun daga ƙofa ka ji ƙafarka na gangara, daɓen ba daidai yake ba. A tsakiya an rataye wani ƙaton ƙarfe mai tsini daga can saman rufi, ƙarƙashinsa allo da aka zana yadda ginin ke karkata shekara da shekaru. Nan ne na gane abin da dattijon yake so na gani tun safe. Aztek sun zauna da ruwan, suna da madatsa da ke raba mai daɗi da mai gishiri. Masu sabon gari kuwa birni irin na Sifen suke so, mai tituna da keken doki, an fasa madatsar lokacin yaƙi, an cike magudanai da ɓaraguzan gidaje, an sare itatuwan kan duwatsu, shanu da tumaki da aka kawo suka tattake gangare, ƙasa ta riƙa zubowa cikin tafki. Ambaliya ta yi ta zuwa. A 1607 aka fara haƙa hanyar fitar da ruwan daga kwarin gaba ɗaya, da wuyan 'yan ƙasa, duk da haka a 1629 birnin ya nutse ya yi shekara biyar cikin ruwa. Aka ci gaba da zuƙe tafkin har ya ƙare. Yau mutum sama da miliyan 20 na zaune a kan laka suna jawo ruwan ƙarƙashinta da rijiyoyin burtsatse, wasu unguwanni na nutsewa fiye da santimita 30 a shekara, kuma a unguwannin talakawa tanka ake jira. Ni da aikina noma ne wannan ya fi komai ɓata min rai, an samu mutanen da suka iya noma a kan ruwa, ba a tsaya an koya ba.

Daga nan muka taka da ƙafa titin Pino Suarez. A kusurwar wani tsohon gidan masu sarauta na Sifaniyawa, can ƙasa daidai gwiwa, kan maciji ne na dutse sassaƙar Aztek aka sa shi ya zama tushen bango. Haka aka yi garin. An zana tsakiya murabba'i aka raba wa waɗanda suka yi yaƙi filaye, masu ƙasa aka tura su unguwannin gefe, su ne kuma suka yi dakon duwatsun ɗakunan bautarsu suka gina wa baƙi gidaje. Kowane babban soja aka ba shi garuruwa sukutum, encomienda suke ce wa tsarin, mutanen su yi masa aiki su biya haraji shi kuma wai ya koya musu Kiristanci. Annoba ta sake dawowa a 1545 da 1576 ta share miliyoyi. Da hannun aiki ya yi ƙaranci aka ƙara jigilar bayi daga Afirka. Cikin sojojin Kortes ma akwai baƙar fata ɗan Afirka, Juan Garrido, wanda ya rubuta wa sarkin Sifen cewa shi ya fara shuka alkama a ƙasar. Na yi shiru da na ji wannan, don alkamar nan ce nake wucewa ta gefenta kullum a filin gwaji.

Tsallaken titin akwai asibitin da Kortes ya kafa, har yau ana duba marasa lafiya, ƙasusuwansa kuma na cikin bangon cocin da ke jikinsa. Ɗan allo ne ƙarami, suna da shekaru, 1485 da 1547. Mu biyu ne kawai a wajen sai wata tsohuwa tana addu'a.

Yunwa ta kama mu, dattijon ya tambayar min wata mata ko da man alade a girkinta, ta ce babu, muka sayi dafaffiyar masara da lemon tsami da barkono. Ina ci ina lissafi, masara, barkono, tumatir, duk daga wannan nahiyar suka iso tukunyarmu bayan waɗancan jiragen, kalmar tumatir ma asalinta tomatl ne a yaren kakarsa. Da na faɗa masa ba a miya a gidanmu sai da ita, murna ta kama shi.

La'asar ta same mu a Tlatelolco, inda aka yi turnuƙu na ƙarshe aka kama sarki Cuauhtemoc a kwalekwale ranar 13 ga Agusta 1521. Daga baya an ƙona masa ƙafafu don ya faɗi inda zinare yake, a 1525 aka rataye shi. Kango na nan, cocin Santiago na tsaye a kansa da duwatsu iri ɗaya, bayansu dogayen benaye. Akwai allon da gwamnati ta kafa, ma'anarsa ba nasara ba ce ba kuma faɗuwa ba, haihuwa ce mai zafi ta al'ummar Meziko ta yau. Ni ban gamsu ba, na ce masa waɗanda suka sha ruwan gishiri suka mutu a nan ai an ci su da yaƙi. Ya ce gaskiya ne, amma ka dubi fuskata, sunana na Sifen ne, kakata Nahuatl, wanne zan cire?

Na nemi gefe a kan ciyawa na yi sallah, shi yana riƙe min jaka. Muka kamo bas ɗin Teskoko magariba ta kawo jiki, iska ta taso daga filin tana kaɗo farar ƙura a gilashi, direba ya kunna fitila, dattijon ya ciro wani ɗan ƙulli daga aljihu ya miƙo min, kanwar tafkin ce ya saya a kasuwa ban lura ba, ya ce in kai gida a dafa wake da ita.