Fire Emblem: The Sacred Stones a tafin hannu: daɗinsa da inda yake ƙure haƙuri

Kamfanin Intelligent Systems ne ya ƙera wannan wasa, Nintendo ta fitar da shi a kan Game Boy Advance a Japan a 2004, ya isa Amurka da Turai a 2005. Na buga shi har ƙarshe ta hanyoyinsa biyu, ta Eirika da ta ɗan'uwanta Ephraim, tagwayen gidan sarautar Renais da daular Grado ta afka wa ƙasarsu ba zato ba tsammani a nahiyar Magvel. Labarin ba laifi, yana da ban tausayi musamman wajen Lyon, yariman Grado. Amma abin da ya riƙe ni shi ne wasan ba ya ɓoye lissafinsa. Kafin ka kai sara, allo zai nuna maka ran da ya rage wa kowa, ɓarnar da za a yi, yiwuwar samun abokin gaba, da yiwuwar mugun sara, wato saran sa'a da ke ninka ɓarna. In aka kashe maka mutum, galibi amsar tana rubuce a gabanka tun kafin ka danna.

An yanka filin daga gida-gida, kuma ƙaramin allon yana ɗaukar gida 15 a kwance, 10 a tsaye. Kai za ka motsa mutanenka duka, sannan maƙiya su motsa nasu. Ba a buƙatar saurin yatsa, shi ya sa ya dace da na'urar hannu: kana iya dakatar da yaƙi a tsakiya, ka kashe na'urar, ka dawo ka tarar da kowa inda ka bar shi.

Lissafin ɓarna mai sauƙi ne: ƙarfin mayaƙi a haɗa da kaifin makami, a debe kariyar wanda aka sara. Takobi na rinjayar gatari, gatari na rinjayar mashi, mashi na rinjayar takobi, kuma mai rinjaye yana samun ƙarin maki 1 na ɓarna da 15 na saiti, wanda aka rinjaya ya rasa daidai hakan. Kowa na saurin haddace wannan. Abin da ya fi shi nauyi, wanda sababbi ke tsallakewa, shi ne sauri. Duk wanda ya fi abokin karawarsa sauri da maki 4 zai kai sara sau biyu a karo guda. To amma nauyin makami yana cin sauri: in ya wuce ƙirar jikin mai riƙe da shi, rarar ake cirewa daga saurinsa. Ɗauki Vanessa, mai hawan doki mai fiffike, wadda ƙirar jikinta 5 ce. Siririn mashi nauyinsa 4, ba ta rasa komai. Mashin ƙarfe na yau da kullum nauyinsa 8, ta rasa 3. Mashin jifa nauyinsa 11, ta rasa 6 cur, sai ka ga wadda ke sara biyu ta koma ɗaya, kaucewarta ma ta ragu da 12, domin kowane makin sauri maki biyu ne na kaucewa. Na ga sau da yawa makami mara kaifi ya fi babba amfani, don sara biyu na maki 7 sun fi sara guda na maki 10.

Akwai abu ɗaya da allon bai faɗa ba. Lambar saiti da kake gani ba ita ce ainihin yiwuwar ba, domin wasan yana jefa ƙuri'a biyu ne ya ɗauki matsakaicinsu. Saboda haka 80 da ke rubuce ta kai wajen 92 cikin ɗari, 30 kuma ba ta wuce wajen 18 ba. Wannan ne ke sa mai sauri da ya tsaya cikin kurmi, inda ake samun ƙarin 20 na kaucewa da 1 na kariya, ya zama da wuyar taɓawa. Mugun sara kuwa ƙuri'a ɗaya ake jefa masa, don haka 3 cikin ɗari 3 ce ta gaske, kuma in ta faɗo ɓarna ta ninka uku.

Babi na 2 ne ya fara nuna mini kyan tsarin. 'Yan fashi masu gatari sun rutsa da wani yaro Ross da mahaifinsa Garcia a bayan duwatsu, masu tafiya a ƙasa ba za su isa da wuri ba. Sai ka tura Vanessa ta tsallake duwatsun, ta ɗauko yaron, ta juyo da sauran tafiyar da ta rage mata. Ɗaukar mutum tana raba saurinta da gwanintarta biyu, ga shi gatari na rinjayar mashinta, don haka dole ka ƙirga gidan da za ta tsaya inda ba mai isa gare ta. In ta sauke shi, Eirika ta yi masa magana ya shigo rundunarka, shi kuma ya jawo mahaifinsa. Kowane mataki yana da dalilinsa. Haka ma a kiyaye ta da maharba ko'ina, domin kaifin baka yana ninka uku a kan masu tashi: bakan ƙarfe mai maki 6 ya zama 18 kafin a ƙara ƙarfin maharbin.

A babi na 5 akwai Joshua, wanda ke cikin maƙiya riƙe da takobin da shi kaɗai ke ba da 30 na mugun sara. Natasha ce kawai za ta iya shawo kansa, ita kuma mai warkarwa ce, ba ta da makami. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce a sa mai kauri irin Seth a bakin iyakar da Joshua zai iya kaiwa, bayan an karɓe masa makamai don kada ya rama ya kashe shi. Ana debe kariya kafin a ninka mugun sara, don haka in sara na maki 2 ne, mugunsa 6 ne kawai. Joshua ya matso, Natasha ta fito daga baya ta yi magana.

Duk wannan taka-tsantsan yana da ma'ana ne saboda wanda ya mutu ya tafi ke nan, da matakan da ya hau da hirarrakinsa da ba a ji ba. In Eirika ko Ephraim ne ya faɗi, wasa ya ƙare. A nan daɗin yake, a nan kuma ciwon yake. Ba a adana wasa a tsakiyar babi yadda za a koma baya. Wasan yana rubuta kowane motsi da kansa, har da ƙuri'ar da za ta biyo, don haka kashe na'ura ba ya ta da mamaci. Zaɓi biyu ne: ka ci gaba ba shi, ko ka sake babin daga tushe, ko da ya ci maka sa'a guda. Wani abin da ke gajiyarwa shi ne ba maɓallin da zai nuna iyakar maƙiya gaba ɗaya, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana duba tafiyarsu da makamin da ke jakarsu. A babobin hazo ma ba ka ganinsu sam. Jirgin ruwan fatalwa na babi na 11 a hanyar Ephraim ya fi ko'ina tsanani: fili ƙunci, dodanni masu fiffike na fitowa daga duhu. Ba na shigarsa sai da ɓarawo irin Colm, mai hangen nesa cikin hazo, da tocilan wuta, masu rauni kuma a tsakiya.

Babban aibin wasan a ganina shi ne ya ba ka hanyoyi biyu na rushe wahalarsa. Na farko Seth. Tun buɗe wasa yana hannunka, barde ne da ya riga ya sami ƙarin girma, wato ya haye zuwa babban aji na mayaƙa, kuma ba ya tsufa, har ƙarshe yana cikin gwanaye. In ka sake masa linzami zai share babobin farko shi kaɗai, sauran su tashi a tutar babu, shi kuma abin da yake samu daga ƙananan maƙiya bai taka kara ya karya ba. Na fi son ya raunata, wani ya ƙarasa. Na biyu Hasumiyar Valni, wadda ke buɗewa bayan babi na 8, ana shiga ana fita ba iyaka ana kashe dodanni. Wanda ya zauna a ciki zai fito da rundunar da ba abin da ke girgiza ta, sauran labarin ya zama yawo. Shawarata a zaɓi tsarin wasa mafi wuya, a bar hasumiyar sai don rainon ɗan koyo, wato mayaƙin da ke farawa da rauni ƙwarai. 'Yan koyon uku ne. Ross yana biyan wahalarsa don ya zo da wuri, Amelia da Ewan kuwa sun makara, sai an yi musu hidima sosai.

Ƙarin girma yana yiwuwa daga mataki na 10, iyaka kuma 20. Jiran 20 yana ƙara 'yan maki, amma wanda ya sami girma da wuri yana yi maka aiki a babobin tsakiya, lokacin da ake buƙatarsa. Kusan kowane aji yana da rassa biyu, kuma tafiya nake fara dubawa: Franz zai iya zama barde mai gida 8 ko mai sulke a kan doki mai gida 6, Gilliam kuwa da gida 4 kullum yana baya, yaƙi ya ƙare bai iso ba. Artur ko Moulder, ɗaya ya zama babban limami, don sihirinsa na da ƙarin kaifi a kan dodanni, su ne kuma suka cika babobin ƙarshe.

Hirar ƙawance tana da daɗi amma tana da jan rai. Sai mutum biyu sun daɗe suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kowa hira 5 kawai aka yarje masa, amfaninta kuma, wato ƙarin maki a yaƙi, sai suna cikin gida 3 da juna. Makamai ma suna ƙarewa: takobin ƙarfe sara 46, kowa kaya 5 yake ɗauka. Wannan ke sa mutum rowa da manyan makamai. Sieglinde da Siegmund, da tagwayen ke samu bayan babi na 16, sara 30 kowanne, kuma babobin da suka rage kaɗan ne. A yi amfani da su kan manyan dodanni tun daga nan, in sun kusa karyewa sandar Hammerne tana gyara makami har sau 3.