Kakar da na yi ina ƙirga kurakuran masu tsaron gida

Shekarar da na je karatun digiri na biyu a wata ƙaramar jami'a da ke tsakiyar Amurka, kuɗin tallafin da ake ba ni ba ya kai ni ƙarshen wata, sai na nemi aikin ɗalibai. Aka tura ni ɗakin bidiyo na ƙungiyar ƙwallon makarantar. Ba tamaular da muka taso da ita ba, ƙwallon Amurkawa ce, wadda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa, a rungumi ƙwallo mai siffar gwanda a ruga da ita. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu, in sun kai ƙwallo ƙarshen fili su sami maki 6. Masu tsaron gida kuwa aikinsu su kayar da mai riƙe da ƙwallo tun bai yi nisa ba. Da ɓangaren tsaron aka haɗa ni.

Asabar ake wasa, Lahadi da sassafe ina gaban kwamfuta. Kyamara biyu muke da su, ɗaya a saman sitadiyam tana ɗauko 'yan wasa 22 gaba ɗaya, ɗaya a bayan fili tana kallon tsakiya. Ni zan yanka bidiyon taku-taku, wato kowace dama daga taɓa ƙwallo har wasa ya tsaya, in rubuta tsarin da koci ya kira, yadi nawa aka ci mu, wa ya yi kaye.

A kakar nan tsaronmu ya zama kamar rariya. Duk wanda ya zo sai ya zuba mana maki, ko da masu kai harinmu sun yi abin kirki. Garin ya rabu biyu, kamar yadda gidan kallo yake rabuwa a gida in an lallasa ƙungiya: wasu na cewa a kori kocin tsaro, wasu na cewa ko wa aka kawo haka zai ƙare, yaran ne ba su kai ba. Ni ina cikin na biyu, kuma ina ganin ina da hujja, tunda kullum a allo ina ganin yaranmu suna bin bayan mutum yana ba su rata.

Akwai wani dattijo cikin mataimakan koci, shi ke kula da 'yan tsakiyar tsaro. Ya ji ina faɗin ra'ayina, bai yi min musu ba. Ya ɗauko takarda ya ja layi biyu, ta zama gida uku. Ya ce duk takun da aka ci mu yadi mai yawa, in sa shi a gida ɗaya. Gidan farko: yaro bai tsaya inda ya kamata ba, ko bai san mutuminsa ba. Na biyu: ya je wurin, amma kayen ya kuɓuce masa. Na uku: ya je wurin, ya yi komai daidai, aka fi ƙarfinsa ko aka fi shi gudu. Ya ce, "Ɗana, kada ka bi ƙwallo da ido. Ka kalli daƙiƙa biyar kafin a taɓa ta."

Taku ɗaya ya sauya min tunani, kuma har yau ina ganinsa. Dama ta uku ce, abokan karawa na neman yadi 8. Kafin a fara, ɗaya daga cikin masu cafke ƙwallonsu ya taso daga hagu ya koma dama da ɗan gudu. A kyamarar sama sai ga mai gadin gefenmu, wanda aikinsa bin masu cafke ƙwallo, ya waiwaya yana kallon benci. Ɗan bayan da ke marar masa yana bubbuga hularsa, alamar a sauya tsari, amma wancan bai gan shi ba, idonsa na kan koci. Aka taɓa ƙwallo. Su biyun suka bi mutum ɗaya, ɗayan mai cafke ƙwallon ya wuce fayau babu kowa a kansa. Mai gadin gefen ya ankara ya juya ya bi shi da iya ƙarfinsa, ina, ya makara. Wanda ya kalla a talabijin abin da ya gani kawai yaro mai lamba kaza yana haki a bayan mutum, don haka shi aka yi ta zagi a intanet cewa ba shi da gudu. Alhali mutumin da ya bi ma ba nasa ba ne. Ɓarnar wani ya je gyarawa.

Na koma na sake kallon wasanni huɗu da wannan idon. Gidan farko ya cika har na juya bayan takarda. Na biyu ya biyo shi. Na uku, wanda na ɗauka shi ne duka matsalar, shi ya fi ƙaranci.

Dalilin bai ɓuya ba. Kocin tsaron sabon zuwa ne, mutum ne mai ilimin wasan ƙwarai, ya zo da littafin tsare-tsare mai kauri, kowane tsari da reshensa, kowane reshe da sharaɗin da zai sauya shi in abokin karawa ya motsa. A kan allo abin gwanin sha'awa. Amma dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta taƙaita lokacin da za a tilasta wa ɗalibi harkar wasa zuwa awa 20 a mako lokacin kaka, kuma atisaye da kallon bidiyo da ɗaga ƙarfe da wasan kansa duk a ciki suke. Yaro ɗan shekara 19, ga jarrabawa, ga aikin aji. A lokacin kuma da alamun hannu da alluna ake isar da saƙo daga benci. Sai a 2024 aka yarda manyan jami'o'i su sa rediyo a hular ɗan wasa ɗaya. Yaron da ke tsaye yana tuno darasi ba zai yi gudu ba, ko da barewa ce ta haife shi.

Bayan shan kashi na biyar, babban koci ya sa aka zubar da fiye da rabin littafin. Aka bar tsare-tsare kaɗan, aka riƙa maimaita su har yara suka gaji da su. Gidan farko a takardata ya ragu, wannan na yi tsammani. Abin da ban yi tsammani ba shi ne gida na biyu ma ya ragu, ba tare da an ƙara atisayen kaye ba. Dattijon ya nuna min dalili a bidiyo: wanda ya san inda za shi yakan isa da wuri, ƙafafunsa a ƙarƙashinsa, ƙugunsa a ƙasa, ya rungumi cinya. Wanda ya makara kuwa da hannu ɗaya yake miƙawa, a fizge a wuce. Yawancin abin da muke kira rashin iya kaye, makara ce.

Amma ba zan ɓoye gida na uku ba, don na ga ranarsa. Mun haɗu da ƙungiyar da ta fi kowa a rukuninmu. Har hutun rabin lokaci muna kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya bar wurinsa. A zango na huɗu, wato na ƙarshe, sai na ga babban ɗan gabanmu, mai toshe tsakiya, ya riƙe ƙugu yana numfashi da baki, tururi na fita daga hularsa saboda sanyi. Tun farkon wasa bai huta ba, don wanda zai canje shi bai kai rabinsa ba. Su kuwa suna ta sauya ƙarti. Suka riƙa turo ƙwallo ta tsakiya, yadi 5, yadi 6, kowa ya san abin da za su yi, babu mai iya hanawa. Babu tsarin da zai warkar da wannan. Wanda ya kalli tsaron Jami'ar Jojiya a 2021 ya san abin da nake nufi: mutum biyar daga tsaron nan aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2022, Travon Walker ne ma na ɗaya gaba ɗaya.

Tun daga nan da takardar dattijon nake kallon manyan ƙungiyoyi. Jami'ar USC ta Kalifoniya ba ta rasa yara masu tauraro ba, ga Caleb Williams da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022, amma a Janairun 2023 Jami'ar Tulane ta taso daga baya da maki 15 a mintunan ƙarshe ta doke su 46 da 45. A Nuwamban shekarar Jami'ar Washinton ta zuba musu 52, Dillon Johnson shi kaɗai ya yi gudun yadi 256, washegari aka sallami kocin tsaro Alex Grinch. Da D'Anton Lynn ya karɓa, makin da ake cin su a wasa ya sauka daga sama da 34 zuwa kusan 24 a 2024. Masu cewa laifin koci ne sun ce ga shaida. Sai dai Lynn bai zo hannu rabbana ba, sababbin 'yan wasa sun shigo daga wasu makarantu, har da Kamari Ramsey da ya biyo shi daga Jami'ar UCLA. Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne Jami'ar Ayowa. Phil Parker yana riƙe da tsaronta tun 2012, ba ta cika samun yaran da manyan makarantu ke rububi ba, tsarinta kusan ɗaya ne shekara da shekaru. A 2023 masu kai harinta suna can ƙasan jerin ƙasar, duk da haka ta ci wasa 10, kuma Parker ya karɓi kyautar Broyles ta mataimakin koci mafi hazaƙa.

Inda na tsaya ke nan: nauyin ya fi karkata kan koci. A jami'a shi ke zuwa gidan iyaye ya zaɓo yaro, shi ke yanke nawa zai ɗora masa a cikin awa 20, shi ya san wa ke kan benci. Gida na uku kaɗai nake yi masa uzuri a kai, shi ma in makarantarsa ba ta da kuɗin gogayya da manya.

Mai gadin gefen nan ya shigo ɗakin bidiyo wata Litinin bayan an rufe kaka, jakar littattafai a kafaɗa. Ya ce ya ji ina da wancan takun daga kyamarar sama. Na kunna masa, na tsayar daidai inda ɗan bayan ke bubbuga hula. Ya kalla sau uku bai ce uffan ba. Sannan ya tambaye ni ko zan iya tura masa a waya, yana so mahaifinsa ya gani, don shi a talabijin ya kalli wasan.